Kwandon Wardi Da Zancen Aikin Kasuwa

'Yan uwana masu karatu, yau zan ɗan kauce daga labaran soyayya da kishi da muka saba, in ɗauke ku mu leƙa ƙasar Faransa ta wajen shekaru 150 da suka wuce, domin akwai wani mutum a can da na daɗe ina son mu tattauna a kansa. Shi dai ba marubuci ba ne, mai zane ne, amma duk wanda ya taɓa rubuta littafi ya kai wa ɗan kasuwa, ya tsaya a bakin shago yana jiran a ƙirga masa 'yan canjinsa, to zai gane wannan mutumin kamar a gida ɗaya suka tashi.

Bari in fara da zanen kansa. A babban gidan ajiye zane-zane na ƙasar Ingila da ke birnin Landan, wanda suke kira National Gallery, akwai wani ɗan zane da bai fi girman babban faranti ba, kimanin santimita 49 a tsaye, 60 a kwance. Babu sarki a cikinsa, babu doki, babu yaƙi, babu ko mutum ɗaya. Kwando ne na saƙa aka cika shi da furannin wardi har suka yi tozo, wasu farare, wasu ruwan hoda, wasu jajaye, wasu kuma sun zubo sun kwanta a gefen kwandon. Bayansu babu komai sai bango mai launin toka-toka. Sunan zanen ke nan ma, idan aka mayar da shi Hausa: Kwandon Wardi. An zana shi da fentin mai a 1890, kuma wanda ya zana shi sunansa Henri Fantin-Latour. Ana furta sunan kamar Fantan-Latur, don haka ni Fantan zan riƙa kiransa don sauƙin baki.

An haifi Fantan a garin Grenoble a watan Janairun 1836. Mahaifinsa ma mai zane ne, yana zana fuskokin mutane ana biyansa, mahaifiyarsa kuwa tana da jinin Rasha. A 1841 suka tattara suka koma birnin Faris. A hannun mahaifinsa ya fara koyon sana'ar, daga 1850 kuma ya shiga hannun wani malami mai suna Lecoq de Boisbaudran, wanda yake da wata irin koyarwa tasa ta daban. Zai sa ɗalibi ya ƙura wa abu ido har ya zauna masa a kai, sannan a ɗauke abin a ce ya zana shi da ka, kusan kamar yadda almajiri yake wanke allo ya kawo hadda. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba. Babbar makarantar zane ta gwamnati kuwa ya shiga a 1854 amma bai daɗe a cikinta ba. Makarantarsa ta gaskiya ita ce gidan tarihi na Louvre, inda ya kwashe shekaru yana zama gaban ayyukan magabata yana kwaikwayonsu, har yana sayar da kwafin ya sami na abinci.

To a wancan zamanin, zane a Faransa yana da matakai kamar sarauta. Tun wajen 1667 wani mai suna André Félibien ya shimfiɗa wa majalisar masu zane ta sarkin Faransa wannan tsari, kuma aka daɗe ana bin sa. A can ƙololuwa akwai mai zana tarihi da addini da tatsuniyoyin magabata, shi ne babban malami. A ƙasa da shi akwai mai zana fuskokin mutane, sai a gangaro kan masu zana daji da dabbobi. A can ƙarshen layi, wajen takalma, nan aka ajiye mai zana fure da 'ya'yan itace da kwanuka, wato abubuwan da ba sa motsi. Faransawa ma sunan da suke kiran irin wannan zanen ma'anarsa matacciyar halitta. Dalilinsu shi ne wai mai zana fure ido da hannu kawai yake buƙata, ba ya buƙatar ilimi ko tunani. Kuma duk mai son ya yi suna dole ya bi ta ƙofa ɗaya, wato babban bajekolin da ake yi a Faris, wanda suke kira Salon, inda alƙalai suke zama su ce wannan ya shiga, wannan a mayar wa mai shi.

Fantan ya kai nasa a 1859 aka mayar masa da su. Sai a 1861 aka karɓe shi, a 1863 kuma yana cikin waɗanda suka baje kayansu a bajekolin da aka buɗe musamman don waɗanda alƙalai suka kora. Burinsa a fili yake, so yake ya hau saman tsanin nan. To amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wani abokinsa Ba'amurke mai zane, James Whistler, wanda suka haɗu a 1858, shi ya ja shi zuwa Ingila a 1859. Daga baya ya san wani mutum mai suna Edwin Edwards, lauya ne da ya ajiye aikin lauya ya koma harkar zane, da matarsa Ruth. Waɗannan mata da miji su suka gano cewa Turawan Ingila, da son lambunsu da son ƙawata falo, za su sayi furannin Fantan kamar ƙosai mai zafi. Suka zama dillalansa. Shi yana Faris yana zanawa, su suna Landan suna sayarwa. Ko da Edwin ya rasu a 1879, Ruth ta ci gaba da riƙe cinikin. Ana ƙiyasta cewa zane-zanen furanni da ya yi a rayuwarsa sun kai wajen 800, kuma mafi yawansu jirgin ruwa suka hau suka tsallaka Ingila, har ta kai mutanen ƙasarsa da yawa ba su ma san yana da wannan baiwar ba sai bayan ransa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shi kansa Fantan ba ya alfahari da furannin nan. A cikin wasiƙun da ya riƙa aika wa abokansa ya sha kokawa cewa kansa cike yake da manyan tunane-tunane game da fasaha, amma ga shi dole ta sa yana zaune yana zana fure. Wato dai shi ma ya yarda da hukuncin malamai, yana ganin fure aikin cefane ne, aikin suna kuwa yana wani wurin.

Kuma ya yi aikin sunan, kada a ce na rage masa. A 1864 ya zana taron girmamawa ga Delacroix, babban mai zanen da ya rasu a 1863, inda ya jera mutum goma kewaye da hoton marigayin, cikinsu har da Manet da Whistler da mawaƙi Baudelaire da shi kansa cikin farar riga. A 1870 ya zana Manet a ɗakin aikinsa, Renoir da Monet da Bazille da marubuci Zola suna tsaye suna kallo. A 1872 ya zana wasu mawaƙa zaune a gefen teburi bayan cin abinci, Verlaine da yaro Rimbaud suna daga hagu. Duka ukun nan yau suna rataye a gidan Orsay da ke Faris, kuma duk mai rubuta tarihin adabin Faransa ko zanenta sai ya nemo su ya sa a littafinsa. Akwai ma wani labari mai ban dariya game da na ukun. An ce wani mawaƙi mai suna Albert Mérat ya ƙi yarda a zana shi tare da Rimbaud saboda rashin jituwa, sai Fantan ya cike gurbinsa da tukunyar fure. Har yau idan ka dubi zanen daga can dama, furen yana nan zaune a mazaunin mawaƙi, kuma ni a ganina ya fi wasu daga cikin mutanen da ke teburin walwala, domin su duk sun yi tsuru-tsuru kamar masu zaman makoki, kowa yana kallon gabansa.

Yanzu mu dawo kan kwandon nan. Ga mutum yana yin aikin da ba ya so, aikin da malamai suka raina, aikin da ya san dillali zai ɗauka ya kai wata ƙasa, a rataye a falon wani attajiri da bai san shi ba, mai yiwuwa ba zai sake ganinsa ba har abada. Duk wata ƙofar ha'inci a buɗe take gare shi. Yana iya zana wardi ɗaya ya maimaita shi sau ɗari, ya canza masa launi kawai, kuma masu saye ba za su yi ƙorafi ba. Amma ka dubi kwandon da kyau. Babu fure biyu da suka yi kama da juna. Wannan bai gama buɗewa ba, wancan ya buɗe har ya fara saki, wani nauyin kansa ya rinjaye shi ya sunkuya. Farin ma ba iri ɗaya ba ne, akwai mai ɗan rawaya a cikinsa, akwai mai ɗan toka inda inuwa ta faɗa masa. Bangon nan da ya bari babu ado, da gangan ya bar shi, don kada wani abu ya yi gasa da furen a idon mai kallo. Sannan a tuna, wardi idan aka tsinke shi kwana biyu ko uku ya yi yaushi, fentin mai kuwa ba ya son gaggawa, shi kuma Fantan a cikin ɗaki yake aikinsa, ba ya fita fili kamar abokansa irin su Monet, hasali ma da suka buɗe bajekolinsu na farko a 1874 ƙin shiga ya yi. A nan ne haddar nan ta malaminsa take biyansa, domin furen yana canza kama a gabansa daga safe zuwa la'asar, dole sai ido ya riƙe yadda yake tun da farko. Lokacin da ya zana wannan kwandon yana da shekara 54, ya kusa shekara 30 yana wannan aikin, amma babu alamar hannun da ya gaji a cikinsa. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Fantan ya ci ladan, kuma ya yi askin har ƙeya.

Dalilin da ya sa na kawo wannan dogon tarihi ba ɓoyayye ba ne. Mu ma nan an yi mana tsani. Tun a shekarun 1990 aka raɗa wa littattafanmu suna adabin kasuwar Kano, sunan da aka fi danganta shi da Farfesa Ibrahim Malumfashi, kuma masu shekaru irin nawa suna tune da muhawarar da aka tafka a shafukan jaridu a ƙarshen shekarun nan, inda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya tsaya a ɓangaren marubuta. A saman tsanin aka ɗora littattafan gasar 1933 irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, mu kuwa masu labarin so da aure da kishiya aka ajiye mu wajen takalma, tare da mai zana fure. Kuma hujjar kusan iri ɗaya ce, wai abin da kasuwa take so ba ya buƙatar tunani. Ba banza ba wata ƙungiyar marubuta ta wancan lokacin ta kira kanta Raina Kama.

Ra'ayina a nan shi ne, duka ɓangarorin biyu mun daɗe muna jayayya a kan abin da ba shi ne ciwon ba. Masu suka suna cewa kasuwa ce ta lalata rubutu, mu kuma muna mayar musu da cewa ai mutane suna saye, kamar dai yawan ciniki shi ne shaidar inganci. Labarin Fantan ya ƙaryata mu duka. Ya ƙaryata masu suka, domin ga aikin da aka yi don kuɗi tsantsa, bisa buƙatar dillali, a kan maudu'in da aka fi rainawa, kuma ya fito da kyan da har yau ake tsayawa a gabansa. Ya ƙaryata mu kuma, domin ba shi kaɗai ba ne yake zana fure a Faris a wancan zamanin. Masu yi suna da yawa, kuma su ma sun yi ciniki, sun ci sun sha. Ina suke yau? Kayansu suna jibge a shagunan 'yan gwangwan na Turai, ana sayensu saboda katakon da aka kewaye su da shi. Maudu'i ɗaya, kasuwa ɗaya, masu saye ɗaya, abin da ya raba su da Fantan shi ne shi yana duban furen da ke gabansa, su kuwa suna zana furen da suka saba zanawa.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, nawa ne daga cikin littattafanmu aka dubi mutum na gaske kafin a rubuta su? Yarinyar kullum fara ce doguwa mai gashi har gadon baya, saurayin kullum ya dawo daga karatu a ƙasar waje da mota mai baƙin gilashi, kishiya kullum tana gidan boka, uwar miji kullum ta ɗaure fuska. Wannan shi ne wardi ɗaya da ake canza wa launi. Laifin ba na soyayya ba ne, ba kuma na kishi ba ne, domin babu gidan da waɗannan abubuwa ba su taɓa ba, kuma marubucin da ya raina su ya raina rayuwar mutanensa. Wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya san abin da nake nufi. Labarin gidan aure ne, a kasuwa aka sayar da shi kamar kowane, amma matar da ke cikinsa an dube ta da ido kafin a rubuta ta, shi ya sa har aka fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Yau kuma da harkar ta koma waya, ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp mai karatu yana biya, matsin ya ma fi na da, domin marubuciya tana rubutu masu karatu suna tsaye a kanta suna cewa a ƙaro. Furen yana yaushi da sauri fiye da na Fantan.

Na san wani zai ce, kai kuma wane ne da za ka haɗa littafin da aka buga a takarda mai araha da zanen da ke rataye a Landan? Ban ce darajarsu ɗaya ba. Halin da mai aikin yake ciki nake kwatantawa, kuma wannan halin ɗaya ne ko a Faris ko a Sabon Gari. Wani kuma zai ce ai Fantan ya yi shekaru yana koyo a gaban ayyukan magabata, mu kuwa da yawanmu daga sakandare muka ɗauki biro. Wannan maganar tana da nauyi, kuma ita ce ma ya kamata masu suka su riƙe tun farko maimakon zagin kasuwa. Sai dai a lura, babbar makarantar gwamnati ba ita ta yi shi ba, zaman da ya yi yana kwaikwayon na gaba da shi ne ya yi shi, kuma wannan ƙofar babu wanda ya rufe mana ita. Littattafan Abubakar Imam suna nan, ba a neman takardar shaida kafin a buɗe su.

Akwai kuma wani ɓangaren labarin da bai kamata a shafa masa zuma ba, wato zancen dillali. Gidan Edwards sun ciyar da Fantan, wannan gaskiya ne, amma kuma sun riƙe maƙogwaronsa, domin su suka san masu saye, shi bai san su ba. Mutum ya yi shekaru yana aiki, sunansa yana tashe a wata ƙasa, a garinsu kuwa ana yi masa kallon mai zana taron mutane masu baƙaƙen kaya. Sai a ƙarshen shekarun 1880 da ya sami wani dillali a Faris mai suna Gustave Tempelaere ya fara samun sararin yin abin da ransa yake so. Abin da ransa yake so kuwa kiɗa ne. Tun 1876 ya je garin Bayreuth na Jamus ya kalli wasannin waƙa na Wagner, ya dawo yana ta zana abubuwan da kiɗan Wagner da Berlioz da Schumann suke nuna masa a zuci, mata cikin hazo da jarumai da aljanun ruwa, da yawa a kan dutse ake zana su a buga a takarda. Waɗannan su yake gani a matsayin hakikanin fasaharsa. Masana suna daraja su, amma ni dai da za a ce in zaɓa, ba zan ba da kwandon nan a kan goma daga cikinsu ba, kuma kuɗin fure ne ya saya masa lokacin da ya zauna ya yi su.

Fure ma shi ya yi masa aure, in ana so a faɗa haka. A Louvre ya haɗu da wata mai zane, Victoria Dubourg, ita ma tana kwaikwayon magabata. A 1869 ya zana mata 'yar tukunyar fure da 'ya'yan itace ya ba ta, wanda yau ake kira zanen baiko, yana gidan tarihi na Grenoble. Mutumin da yake cewa fure ya ishe shi, da ya tashi bayyana abin da ke zuciyarsa bai zana yaƙi ko tatsuniya ba. Sun yi aure a 1876, kuma sukan yi lokacin zafi a gidan danginta da ke ƙauyen Buré a yankin Normandi, inda suke tsinko furanni daga lambu su zauna kowa da ƙyallensa, domin ita ma gwanar zanen fure ce, kodayake sunan miji ya rufe nata. A Buré ɗin ya rasu ranar 25 ga Agustan 1904 yana da shekara 68. Victoria ta zauna ta tattara jerin ayyukansa kaf ta buga a 1911, ita kuma ta rasu a 1926.

Masu lambu sun raɗa wa wani irin wardi sunansa, har yau ana shuka shi. A 2016 aka yi babban bajekolin ayyukansa a gidan Luxembourg da ke Faris, daga nan aka kai shi Grenoble a 2017. Shi kuwa kwandon nan namu wata hanya ya bi da babu wanda zai yi tsammani. A 1983 wata ƙungiyar mawaƙan zamani ta birnin Manchesta mai suna New Order ta fitar da faifai, sai mai tsara musu bango, Peter Saville, ya ɗauki hoton Kwandon Wardi ya ɗora a gaban faifan, ko sunan ƙungiyar bai rubuta a kai ba. Matasan da ba su taɓa jin sunan Fantan ba suka riƙa saye suna kai shi ɗakunansu. A 2010 kuma hukumar gidan waya ta Birtaniya ta zaɓi bangon faifan nan cikin guda goma da ta buga a kan sarki, aka riƙa manna wardin Fantan a jikin ambulan.